Zuwa ga Mamana, a kan mutuwar Kwalli

Ina fatan kin koma makaranta lafiya, kin kuma iske malamanki da ƙawayenki cikin ƙoshin lafiya.

Mamana, Ummanki ta gaya mini abin da kika ce mata a waya, wai ke kika kashe Kwalli. Ta ce kina faɗa kina shessheka, kuma uwar ɗakin kwananku ta shaida mata cewa abinci ma sai an matsa miki kike taɓawa. Maganar da ke bakina ta fi ƙarfin 'yan mintunan da ake ba ku a waya, shi ya sa da kasuwa ta lafa bayan la'asar na ja kujera cikin shago na ɗauki biro. Na kuma yarda a buga wasiƙar, domin na san ba ke kaɗai ce yarinyar da aka saya wa ɓeran Masar a garin nan ya mutu a hannunta ba.

Ba ke kika kashe shi ba. Na san halinki, idan aka lallashe ki da baki kawai sai ki gyaɗa kai alhali zuciyarki ba ta karɓa ba. Don haka zan kawo miki hujja.

Bayan tafiyarki na je wurin likitan dabbobi, na zayyana masa yadda kuka same shi da kuka dawo daga Kantin Kwari ke da Ummanki: yana kwance a gefe ɗaya, numfashi sama-sama, yawu ya jiƙa masa haɓa, kunnuwansa sun yi zafi, kin kira shi bai ɗago ba. Ban ƙarasa ba likitan ya tambaye ni inda kejin yake. Na ce a rumfar tsakar gida, ƙarƙashin kwano. Ya ce waɗannan alamomin bugun zafi ne, kuma a bazarar Kano abu ne da suke yawan gani a wannan dabba.

Ga dalili. Asalin ɓeran Masar daga Kudancin Amurka yake, a tsaunukan Andis, inda yau ƙasashen Peru da Bolibiya da Ekwado suke. Mutanen can sun yi dubban shekaru suna kiwonsa a cikin ɗakunan girkinsu kafin Turawan Sifaniya su isa yankin, kuma a ƙarni na 16 ne 'yan kasuwa suka fara ɗaukarsa a jiragen ruwa zuwa Turai, daga nan ya bazu a duniya. Ƙasar tasu tudu ce mai sanyi. Birnin Kusko na Peru yana bisa tsaunin da ya kai kusan mita 3,400, wurin da ko da rana ta take mutum yana neman rigar sanyi da yamma. Jikin da Allah ya gina wa wannan dabba na can ne. Yana sakewa a yanayin digiri 18 zuwa 24, idan aka doshi 30 ya fara shiga haɗari. Ke kuwa kin san Afrilun Kano, rana tana kaiwa digiri 40, ƙarƙashin kwano kuma abin ya wuce haka. Ba ya yin gumi kamar mu, ba ya iya zaro harshe ya yi haki ya huce kamar kare. Zafin taruwa yake yi a cikinsa, kuma cikin ɗan lokaci kaɗan yake gamawa da shi. A ranar an ɗauke wuta tun hantsi, ga gidajenmu na Fagge a cunkushe, bene ya tare iska ta gabas, simintin tsakar gida kuma yana mayar da zafin da ya sha. Manya ma ranar a zaure suka yini suna fifita.

Za ki ce to don me ɗan'uwansa Bature bai mutu ba, alhali keji ɗaya suke? Na yi wa likitan wannan tambayar domin na san za ki yi mini ita. Ya ce mai ƙiba da mai dogon gashi su zafi ya fi saurin kayarwa. Kwalli ya fi ɗan'uwansa jiki, gashinsa ya fi yawa ya fi tsawo. Bature siriri ne, kuma a jikin kaskon ruwa aka same shi a lafe.

Kin kuma ce wa Ummanki da kin lura da safe da kin gane ba shi da lafiya. Mamana, da safe lafiyarsa ƙalau, ni na ga yana cin karas ɗinsa kafin in fita kasuwa. Ko da ma a ce wani ciwo ne ke cinsa a ɓoye, wannan dabba gwanin ɓoye ciwo ne. Kakanninsa a daji abincin shaho da macizai ne, wanda duk ya nuna rauni shi ake fara ɗauka, saboda haka suka gaji dauriya: su ci, su yi yawo kamar ba komai, sai abu ya ci ƙarfinsu sannan a gani. Likitoci masu digiri ma suna kokawa da wannan hali nasa. Ina ga yarinya 'yar aji biyu a ƙaramar sakandare?

Akwai abin da kika yi a ranar da nake so ki san daidai ne. Da Yayanki ya ce a fasa kafso a jiƙa a ɗura masa, kika hana, kika ce ba a ba dabba maganin mutum. Likitan ya ce da an ɗura masa da an ƙara masa wata masifar. Magungunan dangin fenisilin, irin su amfisilin da amoksisilin da muke saya a kemis, guba ne ga ɓeran Masar, suna kashe ƙwayoyin halitta masu amfani da ke cikin hanjinsa, gudawa ta kama shi ya mutu. Kin mayar da shi inuwa, kin shafa masa ruwan randa a kunnuwa da ƙafafu. Abin da ake yi ke nan. An dai riga an makara kafin ku shigo gidan.

Ba zan ɓoye miki ba, da mun san wannan bayani tun farko da kejin bai kwana a rumfar nan ba a bazara. Mutumin da muka saya a wurinsa a gefen kasuwar Sabon Gari cewa ya yi a ba su ganye da ruwa, shi ke nan, kuma ina jin iyakar saninsa ke nan. Rashin sani ya fi dare duhu, amma rashin sani daban, sakaci daban. A nan ne nake so ki tsaya ki saurare ni sosai, domin Ummanki ta ce abin da ya fi hana ki barci shi ne hadisin da kuka karanta a Islamiyya, na matar da ta shiga wuta saboda kyanwa.

Ki koma ki duba me matar ta yi. Kulle kyanwar ta yi, ba ta ciyar da ita ba, ba ta shayar da ita ba, ba ta kuma sake ta ta nemi abin da za ta ci a doron ƙasa ba, har yunwa ta kashe ta. Tana ganin wahalar dabbar ta kau da kai. Yanzu ki duba naki. Ke ce kike tashi bayan asuba ki share keji kafin ki karya kumallo. Ke ce kike bin Ummanki 'Yankura ranar Asabar, ki tsaya gaban masu kayan lambu kina roƙon ɓawon kabeji da ganyen karas da suke zubarwa, har wani dattijo a cikinsu ya riƙa tara miki a buhu tun kafin ki zo. Kina dawowa ki wanke ganyen sau da sau a roba, ki baza shi a faifai ya tsane, domin kin ji an ce ana fesa wa lambu magani. Kuɗin tararki kika rage kika sayi koren tattasai da kika ji yana ƙara musu lafiya. Wanda ya yi wannan, ina shi ina matar kyanwa? Hadisin da ya dace da ke shi ne na mutumin da ya sauka rijiya ya cika takalminsa da ruwa ya shayar da kare mai ƙishirwa, Allah ya gafarta masa, kuma a cikinsa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya sanar da sahabbai cewa kyautata wa duk mai rai yana da lada. Bukhari da Muslim duk sun ruwaito shi, kamar yadda suka ruwaito na kyanwar. Allah ba ya kama bawa da abin da bai sani ba bai kuma yi nufi ba.

Sai maganar mutanen gida. Na ji dariyar da Yayanki ya yi, na kuma ji abin da Goggonki ta ce, wai mutane na mutuwa kullum ke kina kukan ɓera. Na ga yadda kika haɗiye kukan kika shige ɗaki. Kada ki riƙe Goggo a rai. Mace ce da ta binne miji ta binne 'ya'ya, kuma wanda ya sha irin wannan, komai ƙarami yake gani. Amma a wannan magana ban bi bayanta ba, na kuma gaya mata haka cikin ladabi. Tausayi ba ya ƙarewa don an yi wa dabba. Yaron da ya iya jin zafin mutuwar ɗan ƙaramin abu da ya raina, shi ne gobe zai iya zama a gefen gadon mara lafiya bai gaji ba. Wanda ke ba ni tsoro shi ne yaron da zai ɗaure wa ƙadangare igiya yana ja a titi yana dariya, babba kuma ya wuce bai ce masa komai ba.

Kuma muna da abin koyi wanda ya fi Goggo ya fi ni. Anas ɗan Malik, wanda ya yi wa Manzon Allah hidima shekara 10 a Madina, yana da ƙane ƙarami da ake yi wa alkunya da Abu Umair. Yaron yana da ɗan tsuntsu da yake wasa da shi, sai tsuntsun ya mutu. Manzon Allah ya shigo gidan ya gan shi a cikin damuwa, ya tambayi dalili aka gaya masa. Bai ce masa tsuntsu ne fa ba, bai ce ya tashi ya bar shirme ba. Kiransa ya yi da alkunyarsa, kamar yadda ake kiran manya, ya tambaye shi labarin tsuntsun nasa cikin raha da tausasawa. Ki yi tunani, Mamana: mutumin da al'umma guda take wuyansa, ga wahayi, ga yaƙe-yaƙe, ga baƙi daga ƙabilu, amma ya sami lokacin tsayawa a kan baƙin cikin yaro saboda ɗan tsuntsu. Malamai ba su ɗauki wannan hadisi da wasa ba. Wani malamin Shafi'iyya da ake kira Ibnul Ƙass ya ware masa littafi sukutum, ya fitar da fa'idoji 60 daga cikinsa, Ibnu Hajar kuma ya kawo su a Fathul Bari ya yi ƙari. Daga ciki akwai halaccin yaro ya riƙe tsuntsu ya yi wasa da shi matuƙar ba a cutar da shi. To idan wani ya sake yi miki dariya, kin san wanda ya riga ya tsaya wa yara irinki.

Shi kansa Manzon Allah hawaye ya zubar da ɗansa Ibrahim ya rasu yana jariri, ya kuma bayyana wa sahabbai cewa wannan hawaye rahama ce. Abin da aka hana shi ne kururuwa da yaga tufafi da faɗin maganar da ke nuna fushi da hukuncin Allah. Ki yi kukanki. Hausawa sun ce sabo ake yi wa kuka, kuma kin saba da shi. Ni kaina har yanzu idan na shigo gida da leda a hannu, kunnena yana jiran fiton nan nasa. Ƙarar leda kawai zai ji ya taso bakin waya, ya kafa ƙafafun gaba, ya ɗaga hanci yana kuwwa har sai an miƙa masa wani abu. Na kan tuna da tsallen da yake yi idan kin zuba musu sabuwar ciyawa, ya daka sama ya murɗa jiki ya faɗo yana fuskantar wani gefen. Wata nawa ne duka a duniya? Dabbar da kan yi shekara 5 zuwa 7 idan ta sami kulawa, shi ko shekara bai rufa ba. Dole abin ya yi ciwo.

Goggo tana ƙyamarsa ne don tana haɗa shi da ɓeran kwata mai ɓarna a rumbu. Ba jinsinsu ɗaya ba. Wannan ba shi da wutsiya, ba ya cin ƙazantar kwata, ciyawa da ganye ne abincinsa, kuma 'ya'yansa da gashinsu ake haifarsu, ido a buɗe, haƙora a baki, a ranar suke fara tafiya. Ɗan Adam ma yana da bashinsa a wuya. Da likitan Jamus Robert Koch ya gano ƙwayar cutar tarin fuka a 1882, a jikin waɗannan dabbobi ya tabbatar da bincikensa. A 1907 wasu likitoci biyu a ƙasar Norwe, Holst da Frolich, suka lura cewa ɓeran Masar yana kamuwa da ciwon zubar jinin dasashi irin wanda ke kashe matuƙa jiragen ruwa, idan aka hana shi ɗanyen ganye. Wannan ne ya buɗe hanyar gano sinadarin bitamin C, domin shi ma kamar mu, jikinsa ba ya iya haɗa wannan sinadari, sai ya ci a abinci. Tattasan da kike saya masa ke nan.

Na tuna yadda ranki ya ɓaci ranar da ƙawarki ta Sabon Gari ta ce a garinsu ana cin namansa. Gaskiya ta faɗa. A Peru abinci ne na biki, a Kamaru da Kwango ma iyalai da yawa suna kiwonsa don nama, yana rufa musu asiri inda akuya ta fi ƙarfinsu. Kada ki ga baƙinsu. Mu ma ragon layya yara suna sabawa da shi, su ba shi dusa da hannunsu. Kuma ita wannan ƙawar taki ce ta tako tun daga unguwarsu da mamanta don su yi miki jaje, alhali wasu na cikin gida suna dariya. Ki riƙe ta da kyau.

Kin tambayi Ummanki inda aka kai shi, domin kina ɗaki lokacin. Ba a jefa shi a bola ba, ba a kuma wurga shi a kwata ba. Bayan magariba Yayanki, shi dai wanda ya yi dariyar, ya ɗauki fartanya ba wanda ya sa shi. Muka je bayan gidan Hajiya, gindin darbejiyar nan inda ƙasa ta rage ba a shafe ta da siminti ba. Ƙasar bazara ta yi tauri, sai da ya zuba ruwa ya jira ta sha sannan ya iya haƙawa. Ya yi rami mai zurfi don kada kyanwa ko kare su tone, ya naɗe Kwalli a tsohon ɗankwalinki da kike shimfiɗa musu, ya rufe, ya ɗora dutse. Da muke dawowa ya ce mini in gaya miki bai san abin zai dame ki haka ba. Kin san shi da nauyin baki, ba lalle ya iya faɗa miki da kansa ba.

Ba a yi wa dabba salla ko zaman makoki, wannan haƙƙin ɗan Adam ne. Amma game da tambayarki ta ina yake yanzu, ki buɗe Suratul An'am, aya ta 38. Ma'anarta ita ce dabbobin da ke tafiya a ƙasa da tsuntsayen da ke tashi al'ummomi ne kamar mu, kuma zuwa ga Ubangijinsu za a tattara su. Wanda ya halicce shi ya san shi tun kafin ki san shi, ya ƙaddara masa kwanakinsa, ya kuma sa rabonsa na abinci ya biyo ta hannunki. Ba shi da zunubi, ba a tambayarsa komai. Wahalar da ya sha ta ɗan lokaci ce, ta kuma wuce.

Yanzu ga maganar Bature, domin shi yana nan kuma yana buƙatarmu. Tun ranar ya rage kuka, ya fi zama a lungu. Waɗannan dabbobi ba sa son kaɗaici, a garke suke rayuwa, har ƙasar Suwizalan ta kafa doka a 2008 da ta hana mutum ya riƙe guda ɗaya tilo. Mun dawo da kejin ɗakin ƙasa na kusa da zaure, wanda ba ya shan rana. Ummanki ta ajiye tulu cike da ruwa a jikin wayar yana jingina da shi, da rana kuma tana rufa jiƙaƙƙen buhu a rabin kejin ta bar rabi don iska. Idan an sami ƙanƙara muna naɗe gora a tsumma mu sa masa a ciki. Ƙanwarki ce ke ba shi abinci, ta kuma haddace abin da likita ya ce: ciyawa kada ta yanke masa dare da rana, domin haƙoransa ba sa daina tsiro kuma cikinsa ba ya son zama wayam, tattasai ko ɗan yankin gwaba kullum, ban da albasa, ban da tafarnuwa, ban da ganyen dankalin Turawa. Idan ya yini bai ci ba, a ranar za mu kai shi asibitin dabbobi, ba jira. Kawunki ya kawo shawarar a haɗa shi da zomo ya ɗebe masa kewa, likita ya ce a'a, zomo yana ɗauke da ƙwayar cutar da ke kama musu huhu, ga shi da shuri.

Ummanki ta so in sayo wani mai kama da Kwalli kafin ki dawo hutu. Na ce a dakata. Ba na son ki shigo ki ga an cike gurbinsa kamar an canza fitilar da ta mutu, kuma ba zan sake shigo da wani gidan nan ba sai ruwa ya sauka gari ya yi sanyi. Shawara biyu ce a gabanmu, ke za ki zaɓa. Ko dai idan damina ta kankama mu nemo wa Bature abokin zama, namiji ƙarami, ko kuma mu kai shi gidan ƙawarki a Sabon Gari inda suke da garke, ki riƙa zuwa dubo shi idan kina gida. Mamanta ta ce ƙofa a buɗe take. Duk wanda kika zaɓa ba wanda zai ga laifinki, kuma ba sai kin ba da amsa yanzu ba.

Abin da nake so ki yi mini a wannan mako shi ne ki ci abinci. Na haɗo miki da ƙuli-ƙuli da garin kwaki da soyayyen naman da Ummanki ta yi, ki raba da 'yan ɗakinku. Idan abin ya taso miki da dare ki yi alwala ki karanta abin da ya sawwaƙa, ki kuma sami uwar ɗakinku ki yi mata magana, na riga na yi mata bayani. Ranar ziyara in Allah ya yarda zan rufe shago da wuri mu zo gaba ɗaya, har da Yayanki.

Ummanki da Hajiya da ƙannenki suna gaishe ki. Goggo ma ta ce in gaishe ki, ita ce ta ƙulla miki ƙuli-ƙulin. Allah ya yi miki albarka, ya ba ki sa'ar karatu.

Naki,
Abbanki
Fagge, Kano